Almakashin da Ya Yanke Gaisuwar Baba

Ku da kuke karanta ni, bari yau in fara da gaishe ku. Ya gida, ya aiki, ya gajiya, ya masu jiki in akwai? Kada ku tsallake. Da can ni ce shugabar masu tsallakewa, kuma yanzu za ku ji inda abin ya kai ni.

Ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa yake kirana, har maigadin ofishinmu da bai taɓa ganin yayyena ba. Aikina kuwa, duk ranar da na yi wa Mama bayaninsa sai ta ce, "Wato dai ɗinke wasiƙun mutane kike yi." Ba ta yi ƙarya ba. Kamfaninmu yana da manhajar zauren imel. Mutane da yawa ne ke haɗuwa a adireshi ɗaya, duk wanda ya rubuta abu sai ya je wa kowa. To ba kowa ne zai jure wayarsa ta yini tana ƙara ba. Irin waɗannan mukan tattara musu saƙonnin yini guda a cikin imel ɗaya, mu aika musu da safe. Shi muke kira dunƙule. Ni nake tsara kamanninsa: wane saƙo zai hau sama, amsa za ta zauna a ƙarƙashin maganar da ta jawo ta ko za ta bi lokacinta, layi nawa za a nuna kafin a ce wa mutum ya danna ya ga sauran.

"A kan wannan ake biyanki?" in ji Mama.

"A kansa."

"Ikon Allah. Kina ɗinke wasiƙun duniya, taki ko ɗaya ba ta shigo gidan nan ba."

Da haka hirarmu take ƙarewa, ko daga ina ta faro. Ko maganar gas muka ɗauko, a kan aurena za mu sauke.

Danginmu ma suna da nasu zauren, kuma ni na buɗe shi. Dalili shi ne Baba ya fice daga guruf ɗin waya ranar da wani ɗan Goggo ya tura hoton kyanwa tana rawa a ƙarƙashin sanarwar rasuwa. Ya ce shi ya girmi wannan wurin. Sai na haɗa kowa a imel: Baba, Goggo wadda take yayarsa, Yaya babban wanmu da ke aiki a wata ƙasa mai nisa, yayyena mata da ke gidajensu, da tarin 'yan'uwa. Kusan kowa dunƙule ya zaɓa, har da ni. Mutum biyu ne kawai suka ce a riƙa kawo musu kowane saƙo da zafinsa. Baba, don ya yi ritaya yana da lokaci. Goggo, don ba ta son labari ya kwana bai same ta ba. Mama ba ta ciki, ta ce duk mai magana da ita ya san ƙofar kicin.

Kullum da sassafe Baba yakan zauna a kujerarsa ta bakin taga, tabarau a kan hanci, ya rubuta wa zauren saƙo da yatsa ɗaya. Yakan fara da sallama, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ya Goggonku, ya Babba da sanyin can, ya wance da mai gidanta da yara, har ya gangaro kaina, ni da nake ɗaki na gaba ina neman ɗan kunnena. Ya rufe da addu'a. Saƙon kenan, ba ƙari. Wasu su amsa da "Amin Baba", wasu su ce "Lafiya lau". Ni ban cika amsawa ba, tunda ai zan wuce ta gabansa in ce "Baba ina kwana" da takalmi a hannu.

Yanzu ga matsalar da ta taso a ofis. A dunƙule layi biyu na farko muke nunawa daga kowane saƙo. Wata rana Oga ya kira ni, ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Dunƙulen wata ƙungiyar iyaye ne, saƙonni reras daga sama har ƙasa, kowanne yana cewa, "Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya, ya gida, ya iyali." A ciki akwai wanda ke sanar da an ɗage taro, akwai mai cigiyar jakar makaranta, amma sai ka danna kowanne kafin ka sani. Kamar ka shiga shago ka tarar kowane kwali an rubuta masa "kwali".

"Masu biyanmu suna ƙorafi," in ji Oga. "Ki yi wani abu."

Na yi. Na rubuta wani ɗan tsari na sa masa suna Almakashi. Na koya masa sallama. Na koya masa duk layin da ya fara da "ya" ya ƙare da tambaya, da mai farawa da "da fatan", da mai farawa da "Allah ya". Ya gan su ya yanke, ya hau da ainihin maganar sama. In ya gama yanka bai ga komai ya rage ba, saƙon ba zai shiga dunƙule ba sam, don ba amfanin nuna wa mutane fanko. Wannan dokar ta ƙarshe har alfahari na yi da ita.

Oga ya ce a gwada shi a kan mutane na gaske kafin a saki. Na ce ina da waɗanda gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Na ɗora shi a kan zauren gidanmu, ban gaya wa kowa ba, don in ka gaya wa mutane sai su fara rubutun da ba nasu ba.

Da yammar ranar muna cin abinci, bakina ya ƙi zama.

"Baba, kun san mun gano cikin mutum goma, tara ba sa karanta gaisuwa a imel?"

"Na goman fa?"

"Shi ma ina jin barci ne ya ɗauke shi ya bar shafin a buɗe."

Na yi dariya ni kaɗai. Baba ya sha ruwa, ya ce wa Mama gishiri ya yi daidai.

Bari in ajiye Almakashi a nan in kawo muku Likita.

Likitan haƙori ne. Na je wurinsa da kumburarren kunci, na dawo da ciko guda da lambar waya, wai ko ciwon zai tashi. Dogo ne, rigunansa duk ruwan toka, kuma ba ya magana. Ina ganin aikin ne ya mayar da shi haka. Mutumin da ya yini da mutanen da bakinsu ke buɗe ba sa iya amsawa, dole ya saba da gajeriyar hira. Ga irin saƙonninsa:

"Ya haƙorin?"

"Lafiya lau."

"Ki rage sukari."

Haka muka yi watanni. Haƙorin ya warke tun tuni, tambayar ba ta daina zuwa ba. Yana kirana Injiniya. In na ce masa na gaji ba ya cewa komai, amma da na fito daga ofis sai in ga motarsa a ƙarƙashin bishiya, ya tura kujerar gaba baya don ya san ina son miƙe ƙafa. Rannan yana tuƙi, idonsa a kan titi, ya ce, "Ina so in zo gidanku."

"Wani ne ke ciwon haƙori?"

"A'a."

Neman auren kenan gaba ɗayansa. Ni kuma ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Ina sonsa har ina jin haushin kaina.

A ɗaya gefen akwai Mai Kyamis, ɗan ƙawar Goggo. Shi Goggo take so mini. Ba ni da abin da zan ce a kansa, mutumin kirki ne. Saƙonsa na safe sai na ja allo sau da yawa kafin in kai ƙarshensa, da furanni a sama da ƙasa, kuma na taɓa ganin irinsa sak a wayar wata 'yar'uwarmu. Goggo takan ce, "Yaro mai ladabi, in ya fara gaishe ki sai kin ce ya isa."

Maganar aure ba abin da zan iya tarar Baba da shi ba ne. Mutumin da ko tallan katifa aka sa a talabijin sai na tashi na bar masa falo. Don haka na ba Likita lambar Yaya. Sun yi magana, Yaya ya ce mini kiran bai kai tsawon tafasar ruwan shayi ba, amma mutumin ya kwanta masa. Ya ce zai rubuta a zaure, don Baba ya fi son magana a rubuce, ya juya ta yadda yake so.

Washegari ina cikin motar haya na buɗe dunƙule. Ga saƙon Yaya a sama, tsaf, Almakashi ya share masa gaba da baya: "Baba, akwai wani likitan haƙori da ke neman izinin zuwa gaishe ka ranar Asabar, kan maganar Auta." Kunya ta rufe ni har na ja mayafi na rufe fuska. A ƙarƙashin mayafin kuma ina cewa, kai, Almakashin nan yana aiki.

Sai jira. Dunƙulen washegari, ba amsar Baba. Na bayansa ma babu. A gida Baba yana nan yadda yake, ya karanta jarida, ya ba shukokinsa ruwa, ya tambayi wa ya bar fitilar baranda a kunne. Za ku ce ban lura gaisuwarsa ta safe ta daina fitowa a dunƙule ba? Ban lura ba. Dama ba karantawa nake ba.

Ranar Juma'a Yaya ya kira ni.

"Auta, Baba ya yi shiru."

"Ko za ka kira shi?"

"In kira shi in ce me? Kin san shirun Baba. In na matsa ya ce a'a, shi kenan an rufe. Ki ce wa mutumin ya dakata tukuna."

Na tura wa Likita: "Ka dakata. Baba bai ce komai ba."

"To."

Bayan ɗan lokaci ya ƙara: "Kin ci abinci?" A wurinsa wannan kuka ne.

Ranar Asabar na tashi da fuska a murtuke, na zura tsohuwar doguwar rigar da kafaɗarta ta koɗe, na ɗaure kai da ɗankwalin da ya fi kowanne muni. Na yi niyyar kowa ya gan ni ya san an zalunce ni. Na fito na tarar Mama tana sauya rigunan kujerun falo.

"Wa zai zo?"

"Na sani? Malam ya ce a gyara falo. Na ce wa za a yi, ya ce baƙo. Ko mutanensu ne na wurin aiki. Zo ki kama mini can."

Baba ya je aski. Ya dawo ya sa aka goge masa farar rigarsa mai dogon hannu, wadda tun bikin yayata ban ƙara ganinta ba. Ya fesa turaren da Yaya ya aiko masa, wanda yake ajiyewa a cikin kwalinsa. Ya ce a fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ke cikin kabad, waɗanda mu 'yan gida ba mu san ɗanɗanon shayi a cikinsu ba. Ni na wanke su. Ni na jera biskit a faranti. Ni na kai tiren falo bayan la'asar, ina kumbure-kumbure, na dire a gabansa.

Ya ɗago ya dubi rigata, ya dubi ɗankwalin.

"Haka za ki zauna?"

"Ba inda za ni, Baba."

Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya gyara hularsa.

Na koma ɗaki na ɗauki waya.

"Kana ina?"

"Asibiti. Ina cire wa wani tsoho haƙorin turmi."

"Baba yana jiran wani baƙo. Ya sha turare kamar ango."

"Allah ya kawo shi lafiya."

Ku riƙe wannan amsar. Ni har yau in na tuna ta sai in ajiye abin da ke hannuna.

Shayi ya huce, na sake dafawa. Ya sake hucewa. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai Baba ya miƙe zaune ya kalli labule. Mai gyaran famfo ya buga ƙofa, Baba da kansa ya tashi ya buɗe, abin da ba ya yi. Wajen faɗuwar rana na leƙa na gan shi ya cire hular ya ɗora a gwiwa, yana shafa ta da babban yatsa. Na ce a raina, kowane ne wannan baƙon, ba shi da mutunci.

Ana idar da magariba Goggo ta iso, da babbar jakarta da ƙaramar jakarta. Na fito zan kwashe tire, ina daidai bakin labulen falo na ji ta.

"Bai zo ba ko?"

Na ji ta dire jakunkunan, ta ci gaba.

"Ai na san za a yi haka. Kai da ka zauna ka rubuta da yatsanka, 'Ya baƙonmu na Asabar? Allah ya kawo mana shi lafiya.' Me ya fi wannan? A ce an ba mutum izini a gaban dangi kaf, ya ƙi zuwa, ko aike babu. Da ɗan ƙawata ne, da tun hantsi yana nan yana gaishe ka."

"Ba shi kaɗai ba ne," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yaran ma sun daina amsa ni. An kwana biyu. Maganar likitan nan a bar ta."

Ban shiga na ɗauki tiren ba. Na tsaya a bayan labule. Layi mai farawa da "ya". Layi mai farawa da "Allah ya". Ni na rubuta dokokin, ba sai an fassara mini ba.

Almakashi ba ya zubar da abin da ya yanke, akwai wurin da yake tara shi, muna ce masa kwando. Na shiga ɗaki na buɗe kwamfuta na shiga kwandon gidanmu. Na kowa guntu-guntu ne, sallama nan, addu'a can. Na Baba kuwa cikakku ne, daga kai har ƙafa, tun ranar da na kunna abin. Na zauna a bakin gado na karanta su, karon farko a rayuwata.

"Ya Auta da ciwon kan kallon kwamfuta? Allah ya sa tana shan ruwa."

"Ya ƙafar Goggonku? Allah ya ba ta sauƙi, ya ba tawa gwiwar ma." Ban san gwiwarsa tana ciwo ba. A gida ɗaya muke.

Sai na ranar da Yaya ya yi magana, ga baƙon Asabar a tsakiya, tsakanin jarabawar jikarsa da sanyin ƙasar Yaya. Washegari ya sake tambayarsa. Ranar Juma'a ma haka, har da "Allah ya sa ya gane gidan."

Na koma baya kaɗan. "Ya masu shiru? Allah ya sa aiki ne ya yi yawa."

Na safiyar Asabar shi ne mafi gajarta. Bayan sallama, layi ɗaya ne a ƙasa: "Da fatan ban yi wa kowa laifi ba."

Na yi kuka. Ba irin na fim ba, irin mai majina.

Goggo duk ta ga waɗannan, tunda ita komai da zafinsa yake zuwa mata. Ta ga an ba da izini, ta ga Yaya bai ce uffan ba, ta ja bakinta ta yi shiru har Asabar ta wuce. Ban ce ta yi laifi ba. Ba ita ta ƙera almakashin ba.

Da safe na sami Mama a kicin tana yanka albasa, na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe ba ta daina yankan ba.

"Mama, ki gaya masa."

"Ni na yi karatun kwamfuta?"

"Mama don Allah."

"Ke kika yanke, ke za ki ɗinke. Ba aikinki ba ne? Kuma ki cire wannan ɗankwalin, tun jiya yake ɓata mini rai."

Na yi wanka, na sa doguwar riga ruwan ƙasa, na yafa babban mayafi. Baba yana kujerar bakin taga, wayar tana kan tebur a kife. Na durƙusa a gefen kafet.

"Baba ina kwana."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Ya gajiyar jiya? Ya gwiwa?"

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Me kika fasa?"

Na gaya masa. Na fara da dunƙule, na bi ta kan layi biyu, na zo kan Oga. Na so in tsaya a kan Oga, amma ba hali. Idona a kan zanen kafet na ce duk saƙonninsa na kwanakin nan ba wanda ya gani sai Goggo, na'ura ce take yanke su.

"Ita ta ga dama?"

"Ni na koya mata."

"Ta san gaisuwa kenan."

"Ta sani."

"Ta fi wasu." Ya cire tabaran ya goge da bakin riga. "In ta yanke gaisuwar, me take bari?"

"Maganar da ke ciki."

"Nawa sai ta duba ta ga ba magana."

"Eh, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin wani abu a kasuwa. Na jira faɗa. Da ya yi faɗan da na ji daɗi.

"Har da na makon nan duka?"

"Dukkansu. Yaya bai gani ba. Ba wanda aka gaya wa ya zo. Cewa aka yi ya dakata."

Wannan ce magana mafi kusa da aure da na taɓa yi a gaban mahaifina, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

"Tashi ki je," ya ce. "Shayinki zai huce."

A ranar na kashe Almakashi. Na kwaso saƙonnin Baba daga kwando na jera su yadda ya rubuta su, na aika wa kowa a dunƙule na musamman, da bayanin abin da na aikata a sama. Kafin azahar zaure ya cika. Yayyena mata suna ba da haƙuri, 'yan'uwa suna jero amin na makonni, Yaya ya kira ya wanke ni tas, sannan ya kira Baba. Wayar Baba ta yini tana ƙara a kan tebur. Wasu ya ɗauka, wasu ya bari.

Ranar Litinin na ce wa Oga a fasa sakinsa haka. Na kawo sabon tsari: gaisuwa za a naɗe ta ne, tana nan, mai so ya taɓa ta buɗe. Kuma ba saƙon da za a jefar, ko da gaisuwa ce zalla. Irin wannan ma a sama za a sa shi, cikakke.

"Wa zai karanta?" in ji Oga.

"Na goman."

"Wane na goma?"

"Akwai shi, Oga. Na san gidansu."

Ya dube ni, ya ce in rubuto a takarda.

Safiyar Talata ina zaune a teburina dunƙule ya shigo. Sunan Baba a sama. Na buɗe.

"Likitan ya zo Asabar."

Shi kenan. Ba sallama. Ba Goggo, ba sanyin ƙasar Yaya, ba Auta da ciwon kai. Na ce Almakashi bai mutu ba. Na bi tsarin layi-layi, na duba kwando, na buɗe ainihin saƙon yadda ya fito daga wayarsa. Ba abin da aka yanke. Haka ya rubuta, don kada na'ura ta sake ganin ba magana.

Na sami abin da nake so, ku shaida. Yaya ya turo alamar babban yatsa. Goggo ta amsa da gaisuwa mai tsawon gaske, a ƙarshe ta ce Allah ya sa alheri. Mama ta fara maganar labule. Ni kuwa na shiga banɗakin ofis na kunna famfo.

Tun ranar Baba bai ƙara rubuta gaisuwar safe ba. Yana zama a kujerar, tabarau a hanci, amma jarida yake riƙewa. Jiya na kai masa shayi na tsaya.

"Baba, na cire abin nan fa. Gaba ɗaya."

"Na ji."

"Za ku iya ci gaba da rubutawa."

"Kin ce tara ba sa karantawa. Kada in cika muku waya." Ya juya shafi. "Sukari ya yi yawa a shayin nan."

Yau da safe ni na rubuta. Na fara da sallama, na bi kowa ɗaya bayan ɗaya yadda yake yi, na manta mijin wata yayata sai da na koma na saka shi. Ashe abin da wuya. Na rufe da gwiwar Baba. Mutane da yawa sun amsa. Shi na ga ya karanta, don na hango shi ta ƙofar kicin yana jan allon da yatsa ɗaya har ƙasa, sannan ya kife wayar.

Gobe Asabar. An sake goge farar rigar, Mama ce ta sa, ba shi ba. Kofunan suna kan tire na rufe su da tawul. Ɗazu ina cikin guga saƙon Likita ya shigo.

"Injiniya. Wace riga?"

"Duk ruwan toka ne. Ka sa mai maɓalli."

"To. Me zan ce masa?"

Na ajiye dutsen guga. Na dubi tambayar, na tuna mutumin da zai shigo falonmu gobe, wanda bai taɓa haɗa jimla uku a jere ba, da wanda zai tarar a zaune.

"Ka gaishe shi."

"Sai me?"

"Ka tambaye shi gida, da gajiya, da gwiwa, da shukokinsa. Ka tambaye shi mutanen da ba ka sani ba."

"In na gama fa?"

"Kada ka gama. Ka ci gaba har sai shi ma ya tambaye ka."